Na Cika Takardar Abincin Sati Biyu Tun Ranar Farko

Shekarun da na yi ina aikin gwamnati a Abuja sun bar mini abubuwa da yawa, kuma mafi yawansu sun fara gushewa. Sunayen ministocin da na yi wa aiki ma yanzu sai na yi ta lalube kafin in jera su. Amma abin da ya shiga tsakanina da wani dattijo mai ɗibar jini a asibiti, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina. Na sha ba da labarin a wurin hira ana ƙyaƙyata dariya, sai dai kullum a tsakiya nake yanke shi, daidai inda ya daina ba da dariya. Yau dai zan kai shi ƙarshe.

Lokacin ina mataimakin darakta a wata ma'aikata, ina da ofis mai kafet da firji, da kuma tumbin da ya dace da muƙamin. A wurinmu tumbi ba ciwo ba ne, shaida ce ta cewa mutum ya wuce matakin ɗaukar fayil ya kai matakin sa hannu. To sai aka yi mana gwajin lafiya na shekara-shekara a wani asibitin kuɗi da ma'aikatarmu ke tura mutanenta, ba nisa da ofis. Bayan kwana uku aka kira ni wai likita tana son ganina.

Likitar mace ce, a shekaru ba ta wuce ƙanwata ta uku ba, amma babbar riga ba ta yi mata kwarjini ko kaɗan. Ta ce sukarin jinina yana bakin iyaka, kitsen ma haka, kuma ba ta son ta ɗora ni a kan magani tun ba ta ga yadda jikina yake yi da abinci ba. Na ce ai an riga an gwada, me kuma ya rage?

"Alhaji, gwaji ɗaya ba ya gaya mini komai sai halin da jininka yake ciki a wannan mintin," in ji ta. "Jini ba ya zama yadda yake daga safe har dare. Sukari yana hawa bayan ka ci abinci, ya sauka bayan awa biyu ko uku. Kitse ya fi shi nawa, sai ya yi awa uku ko huɗu yana taruwa kafin ya fara janyewa. Abin da nama da wake suke narkewa su zama, shi ma da tasa tafiyar. Kuma jiki yana da nasa agogon. Abincin da zai karɓa cikin sauƙi da safe, in ka ba shi da yamma lis sai ya yi ta fama da shi. Ni wannan hawa da saukar nake son gani."

Na gyaɗa kai irin yadda nake gyaɗawa a mitin idan hankalina yana wani wuri. Ta tsara mini abincin sati biyu: ƙarfe bakwai kunun acca ba sukari da dafaffen ƙwai, ƙarfe ɗaya wake da zogale ko kifi da ganye, kafin magariba ɗan tuwon alkama da miya mai ƙarancin mai. A cikin sati biyun za a zaɓi kwana uku a ɗebi jinina sau uku-uku, ƙarfe tara, sha biyu da rabi, da huɗu da rabi. Sannan ta miƙo mini wasu takardu masu layi-layi, ta ce duk abin da ya shiga bakina in rubuta shi da lokacinsa, ko da goro ne. Da wannan takardar za ta kwatanta abin da jini ya nuna.

Ina ganin takardun na ji raina ya yi sanyi, domin na gane su. Rana, lokaci, bayani, sa hannu. Ai wannan rajista ce! Ni da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina sa hannu a rajistar zuwa aiki, inda duk wanda ya iso ƙarfe sha ɗaya yake rubuta takwas, wanda ya zo bayansa ya rubuta takwas da minti biyu don ladabi. Mu ne masu rubuta rahoton rangadi tun motar ba ta bar Abuja ba. Mu ne masu buga bayanin taro tun ba a jera kujeru ba, in aka tashi sai a gyara sunan wanda ya yi addu'ar rufewa. A ce wai ni za a ba aikin cike takarda? Wallahi har tausayin likitar na ji.

Ran Litinin ɗin farko na rufe ofis, na ce kada a bar kowa ya shigo ina kan muhimmin aiki. Na zauna gaban kwamfuta na cika kwana goma sha huɗun nan kaf. Bakwai daidai, kunun acca. Ɗaya daidai, wake da zogale. Na riƙa sassauya kifi da wake don kada abin ya zama ba fasali, har ran Juma'a na matsar da abincin rana zuwa bayan masallaci, saboda na san aikina. Na yi masa bango, na sa aka ɗinke shi da zoben roba, na sa hannu a kowane shafi, na buga hatimin ofis a na ƙarshe. Ina so mai karatu ya fahimci wani abu: a lokacin ko kusa ban ji cewa ƙarya nake yi ba. A ganina na sauke nauyin takarda ne da wuri, abincin kuma zai biyo baya in Allah ya yarda.

Uwargida ita ce ta ɗauki abin da gaske. Da asuba take tashi ta dama kunun, ta dafa waken, ta gyara zogalen tana auna mai da ƙaramin cokali. Ni kuma sai in ce mata gosulo ba zai bar ni in zauna karyawa ba, ta zuba mini duka a kula in ci a ofis. Ko Asabar da Lahadi sai in ƙirƙiro aikin da zai kai ni can da kulolin. Kulolin nan kuwa ba su taɓa hawa bene ba. A bakin get nake miƙa wa masu gadi, in tashi aiki su dawo mini da su a wanke. Kwana huɗu da farawa babbansu ya tare ni cikin ladabi ya ce, "Oga, muna godiya, amma ko Hajiya tana fushi da kai ne? Abincin ba gishiri, ba mai." Na ce ya ci ya yi shiru, lafiya ake saya masa.

Ni kuwa ƙarfe takwas mai masar ofishinmu take aiko mini da tawa, guda shida, da miyar taushe da man shanu yana yawo a sama. Kuma ƙaddara ta sa sati biyun nan suka faɗo daidai da wani taron bita da aka shirya mana a otal, kan yadda za a rage almubazzaranci da dukiyar gwamnati. Duk wanda ya san irin wannan taro ya san ba don jawabi ake zuwa ba. Ƙarfe sha ɗaya a fita shan shayi, wanda a gaskiya shayin ne ƙaramin abu a cikinsa: samosa, mitfai, cinyar kaza, kek, da madara mai kauri. Ƙarfe uku a buɗe manyan farantai, shinkafa kala biyu, sakwara, farfesun kayan ciki, lemon kwalba mai sanyi. Mutum yana ganin darakta ya cika faranti, ai raini ne mataimakinsa ya tsaya yana tsintar kabeji.

Maganar ɗibar jini kuwa ban damu da ita ba, saboda wani abokin aikina, wanda ilimin likitancinsa duk a waya ya same shi, ya ba ni sirri. Ya ce in matse lemun tsami a ruwan ɗumi in sha kofi biyu minti talatin kafin a ɗiba, yana wanke jini tas. Haka na riƙa yi. Ina fita daga zauren taro da ɗanɗanon kaza a bakina, in shanye ruwan tsamin a mota ina yamutsa fuska, in isa asibiti ina jin kaina tsarkakakke.

Mai ɗibar jinin dattijo ne gajere mai furfura, ɗan ƙabilar Gbagyi daga wani ƙauye a bayan Kuje. Ya fi shekara ashirin a asibitin, kullum yana shigowa gari a motar haya tun gari bai gama wayewa ba. Ban taɓa ganin hannu mai sauƙi irin nasa ba, sai ka ga kwalba ta cika ba ka san an soka allura ba. Yana da wata al'ada da take ba ni haushi: kafin ya taɓa ka sai ya rubuta sunanka da lokaci a jikin kwalbar, ya karanta da ƙarfi, ya nuna maka, ya jira ka ce e. Sau tara ya ɗebi jinina, sau tara ya yi mini wannan karatun.

A rana ta biyu ta gwajin, da na koma ɗiban huɗu da rabi, na tarar yana riƙe da kwalbar da ya ɗiba da rana. Ya riga ya juya ta a injinsu, jan ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama. Ya ɗaga ta wajen taga yana kallo, sannan ya dube ni.

"Oga, ka ci wani abu mai mai yau? Ruwan jinin ka ya yi fari. Ya kamata ya zama garau kamar fitsari, amma duba, kamar an zuba madara."

Sai na rufe shi da faɗa. Na ce, "Malam, kai ne likitan ko mai allura? Yi abin da ya kawo ka."

Ya ce, "Sori, Oga." Ya rubuta sunana a sabuwar kwalba, ya karanta, ya jira na ce e.

Ranar karɓar sakamako uwargida ta ce ƙafata ƙafarta, tana son ta ji da kunnenta abin da wahalarta ta haifar. Na miƙa wa likita rahotona da hannu biyu. Ta juya bangon, ta kalli hatimin, sannan ta ce a duk aikinta ba a taɓa kawo mata takardar abinci mai zoben roba ba. Na ji daɗi, na ɗauka yabo ne. Sai ta shimfiɗa wata takarda kusa da tawa, mai zanen layuka suna hawa suna sauka.

"Alhaji, ga abin da ya ɗaure mini kai. Takardarka ta ce daga ƙarfe bakwai ba ka sake cin komai ba sai ɗaya. In haka ne, sha biyu da rabi ya kamata sukari ya koma ƙasa, ga shi kuwa a sama, kitse ma ya cika jinin. Ta ce ka ci wake da zogale ƙarfe ɗaya. In haka ne, huɗu da rabi ya kamata komai ya lafa, amma a nan ne ma ya fi tashi. Wannan jinin na mutumin da ya ci abu mai nauyi wajen takwas ne, ya ƙara wajen sha ɗaya, sannan ya yi babban ci wajen uku. Kuma duka kwana ukun haka."

Tirƙashi! Ko tana cikin zauren taron nan ba za ta fi haka daidai ba. Abin da ya rage kawai in yi dariya in ce likita kin kama ni, a yi mini faɗa, a wuce wurin. Minti ɗaya zai ɗauka. Amma kafin in buɗe baki uwargida ta riga ni.

"Haba likita! Ni da hannuna nake dafawa, ni nake aunawa. Sati biyu bawan Allahn nan bai ɗanɗana mai ba. Kullum kulolinsa a wanke suke dawowa."

Ta faɗi haka tana kallona da tausayi, ni kuwa sai na ji ba zan iya ba. A gaban matata, a gaban yarinyar likita, in ce masu gadi ne suka yi sati biyu suna cin zogale? Sai borin kunya ya taso mini. Na buga tebur na ce wannan ba jinina ba ne, an haɗa da na wani, dama tun farko ban yarda da wannan tsohon na ɗakin gwaji ba, mutum ya tsufa ya ƙi ajiye aiki. Ina faɗa ina jin maganar tana ƙara yi mini daɗi a baki, har na fara yarda da ita.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma ma'aikaci ba ya jin ya yi faɗa sai ya rubuta. Ina komawa ofis na tsara takardar koke zuwa ga mai asibitin, shafi biyu, da Turancin da nake ajiyewa don manyan lokuta. Na lissafa sakin layi ɗaya zuwa bakwai. Na haɗa kwafin rahoton abincina a matsayin hujja. A ƙasa na nuna cewa an aika kwafi ga daraktan mulki na ma'aikatarmu, na kuma ɗan jefa cewa watakila lokaci ya yi da za a sake duba alaƙar ma'aikata da asibitin. Ban ambaci kora ba. Ba ma rubuta irin wannan kalmar, muna dai jera sauran kalmomin yadda mai karatu zai iso gare ta da kansa.

Kwana biyu aka dakatar da dattijon. Likita ta kira ni ta ce hanya ɗaya ce ta raba gardama: in zo ran Asabar in wuni a asibitin, in ci abin da takardata ta ce a lokacin da ta ce, a ɗauko wani mai gwaji daga waje ya ɗiba. Ba ni da bakin ƙi. Uwargida ta zo da kulolinta ta zauna kusa da ni. A ranar na fara sanin ɗanɗanon kunun accan da na rubuta sau goma sha huɗu. Wajen sha ɗaya cikina ya riƙa kuka yana neman samosa, na yi ta kallon agogo kamar mai azumin farko.

Sakamakon ya fito gwanin kyau. Sukari ya ɗan hau bayan kunu, ya sauko kafin azahar, ya ɗan motsa bayan wake, ya kwanta da la'asar. Ruwan jinin garau. Mai asibitin da kansa ya zo yana murza hannu, yana ba ni haƙuri, ya ce gaskiya ta fito, ga jinin Alhaji na ainihi, wancan kuskuren ɗakin gwaji ne, kuma ya riga ya sallami wanda ya yi shi. Uwargida ta ce alhamdulillahi. Da suka fita, likita ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Alhaji, wannan sakamakon abu biyu zai iya nufi. Ko an haɗa jininka da na wani har sau tara, ko kuma yau ce ranar farko da ka ci wannan abincin. Ni na gaya wa mai asibiti ra'ayina, bai saurare ni ba. Kai kaɗai zai saurara."

Na ce mata Allah ya kyauta, na gyara hulata na fita. Ba zan ɓoye ba, abin da na ji a ranar sauƙi ne, irin na wanda ya tsallake kwamitin bincike. Na ce a raina ai mutum mai ƙwarewa irin tasa ba zai rasa wani wurin ba, Abuja cike take da ɗakunan gwaji. Na rufe fayil ɗin a zuciyata.

Bayan kamar wata biyar, wata Asabar da hantsi, muna dawowa daga gaisuwar rasuwa a Kuje, uwargida ta hango tulin sabuwar doya a bakin hanya ta ce in tsaya. Ta fita tana taya, ni ina zaune a mota na sauke gilashi. Mai doyar yana sunkuye yana jera kashi, da tsohuwar riga da takalmin roba. Da ya ɗago sai na ga furfurar. Na so in ɗaga gilashin, amma ya riga ya gan ni, ya taho yana share hannu a wando, yana murmushi kamar ya ga ɗan'uwa.

"Oga! Sannu da hanya. Yaya jiki? Shuga ɗin ya sauka?"

Na ce da sauƙi. Sai na yi tambayar wauta, na ce yanzu a wane asibiti yake.

"Babu, Oga. Na je wuri huɗu, har Karmo na je. Kowa ya ce in kawo takarda daga inda na bari. Takardan kuma ya ce na haɗa jinin mutane. Wa zai ba ka allura bayan wannan? Sai na dawo gonan baban mu."

Ya faɗi haka ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Uwargida ta matso da doya biyu a hannu, ta gane shi, fuskarta ta ɗaure. Shi kuwa ya dubi doyar ya ce mata, "Madam, in za ka dafa ma Oga, ka ba shi da safe, kaɗan, da ganye. Kar ka ba shi sakwara da yamma kamar wancan lokaci. Jikin shi ba ya so."

Ta ce, "Wane lokaci? Ai sati biyun nan ko ƙwayar doya bai ci ba."

Dattijon ya dube ni, ya dube ta, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Madam." Wato har a nan, a bakin titi, bayan abin da na yi masa, rufa mini asiri yake yi. Wannan "to" ɗin ita ta karya ni. Na buɗe mota na fito, na ce masa tun da ya san gaskiya, me ya hana shi faɗa a lokacin?

"Na faɗa, Oga. Sun kira ni ofis, na ce ban taɓa haɗa kwalba ba, kai da kanka kana cewa e kafin in ɗiba. Na ce jinin ya nuna mai. Sai mai asibiti ya ɗaga littafin ka, ya ce ga hatimin gwamnati, ni ina nawa? Ni baki kawai nake da shi."

Ban san lokacin da na ce masa ya yafe mini ba. Na faɗi komai a tsaye a wurin, masa da samosa da ruwan lemun tsami da ranar Litinin ɗin da na cika takardar, motoci suna wucewa, matata tana riƙe da doya. Ya saurara har na gama, ya ce ba komai, Allah yana gani, sannan ya koma ya ɗaure mana doyar da igiya ya sa a but.

Sai da muka shigo gari muka tsaya a danja uwargida ta tambaya, ba tare da ta kalle ni ba, "Abincin da nake tashi da asuba in dafa, wa yake ci?"

Na ce, "Masu gadi."

Ta ce, "To, Allah ya ƙara musu lafiya." Sati uku ba ta sake yi mini wata magana da ta wuce gaisuwa ba, kuma na san na cancanci fiye da haka.

Ran Litinin na rubuta takarda ta biyu. Layi shida ce kawai, amma ta fi duk wani rahoto da na taɓa rubutawa wuya, domin ba inda zan ɓuya a cikinta. Na ce ni na yi ƙarya, rahoton abincina na ƙirƙira ne, mutumin bai yi kuskure ba, ina roƙon a mayar da shi aikinsa a kuma janye abin da aka rubuta a kansa. Na kai da hannuna. Likita ta karanta, ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai ce za ta sa baki. Na fito ina jin cewa an gama, tun da takarda ce ta kore shi, takarda za ta dawo da shi.

Bayan kwana goma amsa ta zo daga ofishin mai asibitin, a ambulan mai kyau. An ce an samu takardata, an gode, ana duba lamarin, kuma za a sanar da ni da zarar an kammala. Na karanta sau ɗaya na ajiye, domin ba wanda zai fassara mini wannan jimlar. Ni kaina na sa hannu a ƙarƙashin irinta sau ba adadi, ga 'yan fansho, ga waɗanda aka tsallake a ƙarin girma, ga matan da mazansu suka mutu a bakin aiki. Na san inda takarda take zuwa bayan an rubuta mata haka. An riga an ɗauki wani a gurbin dattijon, kuma mai asibitin ba zai sa hannu a kan cewa ya kori ma'aikacin shekara ashirin ba tare da bincike ba. Na koma sau huɗu, kullum ya fita mitin.

Na kai wa dattijon kwafin takardata har ƙauyensu, na ce ya nuna duk inda ya je neman aiki. Ya karanta a hankali, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce ya gode. Ya gwada wuri biyu. Suka ce sun ji, amma tun da asibitin bai janye tasa ba, su ba sa son rigima, ga shi kuma shekaru sun ja. Bai sake riƙe allura ba. Har na yi ritaya ana duba lamarin.

Yanzu ina cin abincina a kan lokaci, ina shan ƙwayar da watakila da ban kai ga shanta ba in da na bi maganar likita tun farko. Amma ba wannan ne darasin ba, wannan kowace takardar asibiti za ta gaya maka. Abin da na koya shi ne, duk ƙaryar da muka rubuta muka buga wa hatimi, muna cewa ai cike takarda ne kawai, akwai wanda take faɗawa a kansa, kuma kusan kullum wanda ba shi da hatimi ne. Na kori mutum daga aikinsa cikin kwana biyu don kada in ji kunyar minti ɗaya, kuma na yi shekaru ina ƙoƙarin dawo da shi ban iya ba.